Ragar Baban Rohaya

Ranar da Rohaya ta fara ganin Zulfikar, ruwa ya janye daga bakin kogin Musi, inda yake shiga teku, shi kuwa ya nutse a laka har gwiwa, idonsa manne da madubin hangen nesa.

"Yaya, takalminka ya tafi fa," ta ce, tana dariya, kwandon jatan lande a kanta.

Bai ko waiwayo ba. "Zo ki gani tukuna."

Ta sa ido, numfashinta ya tsaya. Abin da ta ɗauka duwatsu ne ashe tsuntsaye ne masu dogayen ƙafafu, dubbai, suna caccakar laka.

"Daga can arewa suke, ƙasar ƙanƙara," ya ce a hankali. "Wasu sun keto teku ba su sauka ba."

"Subhanallahi! Waɗannan 'yan mitsi-mitsin?"

Tun daga watan Oktoban nan wayarta ba ta huta ba.

"Tsuntsuwata, sababbi sun sauka. Fito kafin ruwa ya cika."

"Malamin makaranta ba ya da aiki sai kallon tsuntsu? Ga ni nan."

Amma babanta, Mansur, raga yake kafa wa tsuntsayen nan yana kaiwa kasuwa. Wata safiya ya tarar da ragar wayam, an yanka ta, ga Zulfikar tsaye kusa.

"Kai ne?"

Zulfikar ya sunkuyar da kai. "A yi haƙuri, Baba."

"Kada in ƙara ganin ƙafarka a gidana!"

Sai Herman mai jirgin kamun kifi ya fara zarya gidansu da tsaraba, yana neman Rohaya. Rohaya ta daina cin abinci sosai. Ranar da dangin Herman suka aiko za su zo tambayar aurenta, ta durƙusa gaban babanta.

"Baba, ni na yanka ragar. Na ga tsuntsuwa ɗaya tana fisge-fisge a ciki, na kasa jurewa. Shi rufa mini asiri ya yi."

Mansur ya miƙe. Ya tura kwalekwalensa ya nufi bakin teku, ya sami Zulfikar daidai lokacin da ruwa ke cikowa. Ya buɗe baki ke nan garken tsuntsayen ya tashi gaba ɗaya. Sama ta rufe. Suka juya fari fat, suka sake juyawa baƙi, fukafukansu na ƙara kamar saukar ruwan sama. Shekara da shekaru yana kama su, bai taɓa tsayawa ya kalla ba.

Da suka lafa, ya share ido.

"Don me ka ɗauki laifin da ba naka ba?"

"Gara ka yi fushi da ni, Baba, da ka yi da ita."

Dattijon ya gyaɗa kai. "Ka turo manyanka."

An ɗaura aure kafin tsuntsayen su koma arewa. Aka ci shinkafa da kifi har maƙwabta suka ƙoshi. Mansur ya dafa kawunan ango da amarya.

"Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya tsare muku zuri'a duk inda ta nufa."

Rohaya ta matse hannun angonta, ta ce amin.