Lambun Gwazar Giwa

"Ku matso kusa," in ji Yaya Lantana, 'yar kawunmu, ta rage murya. "Kun san Baffa Jatau, makiyayin nan na bayan rafi?"

Muka ce mun san shi.

"To, ku ji abin da ya same shi."

Da bazara ne, ruwan farko ya sauka. Saniyarsa ta ɓace, wata fara mai tsohon ciki, ita kaɗai ya gada wajen mahaifinsa. Ya bi sawunta shi kaɗai har cikin kurmi. Rana ta yi ja.

Sai wari ya buge shi. Warin mushe. Ya ce shi ke nan, kura ta riga shi. Ya toshe hanci da bakin rawani, ya bi warin.

Bai ga mushe ba. Gwazar giwa ya gani.

"Mece ce ita?" in ji Ladidi, ƙanwata.

"Tsiron daji ne," in ji Yaya Lantana. "Fure take fara fitarwa kafin ganye. Launinsa kamar hanta, a naɗe kamar kunnen jaki, da sanda a tsakiya. Warinsa ke kiran ƙudaje. Sai ya bushe sannan ganye ya fito, kararsa dabbare-dabbare kamar fatar maciji. A daji ɗaya-ɗaya ake ganinta. Ku bar ni in ci gaba."

A nan kuwa jere suke, kunya bayan kunya, an nome tas. Ga wari kamar ya kashe mutum, amma ko ƙuda ɗaya babu.

Can tsakiya wata tsohuwa na tsugune, ta ba shi baya, tana tara ƙasa a gindin fure. Ya yi sallama. Shiru.

"Sannu da aiki, Iya."

"Jatau, ka taka mini kunya."

Tana gabansa, amma muryar daga bayansa ta fito, dab da kunnensa. Kuma bai gaya mata sunansa ba. Ya sunkuyar da kai. Nan ya ga ƙafafunta a ƙarƙashin zani. Kofato ne.

Ya shiga karanta duk addu'ar da ta zo masa a zuci.

"Saniyata nake nema, Iya."

"Ta tattake mini shuka."

"Ki yi haƙuri. Dabba ce."

"Haƙuri ba ya tsiro. Sai ka mayar mini da abin da ta ɓata."

Ta tono wata saiwa kamar ƙwarya, ta miƙo ta bayanta, ba ta waiwayo ba. Ya karɓa. Saiwar da ɗumi, kamar jikin mutum.

"Ka binne ta a inuwa, inda ganye ke ruɓewa. Kada ruwa ya kwanta a kanta. Kada fartanya ta taɓa ta. In ta yi fure zan zo in shaƙa. Mu shi ne turarenmu. Tafi, kada ka waiga."

Ya juya. Yana tafiya yana jin numfashi a bayansa, da takun kofato. Bai san na wa ba ne. Bai waiga ba sai da ya tsallake rafi, ya ji kiran sallar magariba. Saniyarsa ce, lafiyarta ƙalau.

Ta haihu a makon. Matarsa ta roƙe shi ya jefar da saiwar, ya ce ba zai iya ba. Ya binne ta a gindin ɗorawa, bayan garke.

Tun daga nan, duk bazara sai ta yi fure. A ranar, shanunsa ba sa kuka, ba sa tuƙa, sai su tsaya suna kallon gindin ɗorawar. Da safe a ga sawun kofato kewaye da furen, na mai ƙafa biyu.

Yaya Lantana ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Bana furannin sun yi yawa. Sun fara jeruwa kunya-kunya, kuma Baffa ya rantse ba shi ya shuka su ba. Don haka in ruwan farko ya sauka, kuka ji warin mushe a hanyar kurmi, kada wanda ya bi shi. In kuwa dole sai kun bi hanyar, ku tafi da babba."