Ƙuri'ar Malam Tambari

A tashar motar Ƙaura Namoda Hafizu ya fara ganin ta, ranar wata Alhamis yana lodin Shinkafi. Ta taho riƙe da kan sandar wani dattijo makaho, tana gaya masa inda rami yake da inda dutse yake cikin murya ƙasa-ƙasa. Hafizu bai san lokacin da ya roƙi fasinjan gaba ya koma baya ba, ya ba dattijon kujerar. Ita kuwa ta zauna daidai inda madubi yake kama fuskarta.

Zaɓen shugaban ƙasa ya gabato, babu wata hira a mota sai ita. Hafizu ɗan gani-kashe-nin jam'iyyar Tsani ne. Tun daga fitar gari ya kama zuba: ɗan takararsu zai gyara ƙasa, na jam'iyyar Tulu kuwa ɓarawo ne, an ce ma gidajensa a ƙasar waje sun fi goma.

"Wa ya ce?" Muryarta ce ta fito daga baya.

Ya ɗaga ido ya dubi madubi. "Ai kowa ya sani, Malama."

"Ni ban sani ba. Da kunnenka ka ji, ko a waya aka turo maka?"

Mota ta kwashe da dariya. Dattijon ya ce, "Mubaraka, ƙyale shi. Wanga yaro bakinai ya fi motatai gudu."

Hafizu ya yi dariyar yaƙe, amma tambayar ta tsaya masa a rai. Da yamma ya ƙi yin lodi sai da suka gama ta'aziyyar da ta kai su, ya komo da su har ƙofar gida. A hanya ya ji sunan dattijon Malam Tambari, manomi ne daga Birnin Tsaba a ƙasar Zurmi. Shekara huɗu ke nan da 'yan bindiga suka raba shi da gonarsa ya dawo Ƙaura, idanunsa kuma suka rufe bayan nan. Mubaraka ce 'yarsa tilo, tana koyarwa a firamare.

Bayan kwana uku saƙonsa na farko ya shigo wayarta:

"Malamata, na bincika. Maganar gidajen nan ban sami tushenta ba, na janye ta. Amma abin da madubi ya nuna min ranar Alhamis, shi kam ba na janyewa."

Ta karanta sau biyu tana murmushi, sannan ta rubuta:

"Mai dogon baki, ka riƙa duban hanya, ba madubi ba. Ka sauka lafiya?"

Daga nan abu ya kankama. Yakan kawo mata albasar Shinkafi ya ce tukuicin darasi ce. Ita kuma ta daina ce masa mai dogon baki sai in ya yi laifi, ta koma kiransa Direbana.

Da kawun Hafizu ya zo neman izini, Malam Tambari ya saurare shi har ya gama, sannan ya girgiza kai.

"Ban ga laifin sana'atai ba. Amma wanda ka yanke wa mutum hukunci da 'an ce', wata rana da 'an ce' za shi yanke wa ɗiyata."

Akwai kuma Rufa'i, ɗan ƙanwar Malam, wakilin jam'iyyar Tulu a unguwar, wanda ya daɗe yana son Mubaraka. Kullum yana zauren kawunsa yana kunna masa saƙonnin murya daga waya. Shi ne ya shigo da maganar cewa direban nan ba aure ya kawo shi ba, ƙuri'un gidan aka turo shi ya kwasa. Mubaraka ba ta ɗauka ba, sai ranar da ta ga motar Hafizu lulluɓe da hotunan Tsani, cike da 'yan gangami za su Zurmi. Kwana biyu ba ta ɗaga wayarsa ba.

A rana ta uku ya rubuto:

"Malamata, haya aka ba ƙungiyar direbobi. Gobe in 'yan Tulu suka ɗauke mu, su ma zan kai su. Ba zan ɓoye miki ba, Tsani nake so. Amma da ƙuri'a nake nema, gida mai mutum talatin zan je zance, ba gida mai katin zaɓe biyu ba. Ki tausaya min, ko abinci ba na jin ɗanɗanonsa."

"Allah ya shirye ka," ta amsa. "Ka je ka ci abinci, Direbana. Ina da wata dabara."

Ta daɗe tana jin mahaifinta yana cewa duhu biyu yake ciki: ido ba ya gani, kunne kuma ɓangare ɗaya ake ba shi. Sai ta ce masa me zai hana Hafizu ya riƙa zuwa yana kawo masa abin da kowane ɗan takara ya faɗa da bakinsa?

Malam ya ce, "Shi zo. Amma shi fara da faɗa mini alherin wanda ya ƙi."

Wannan sharaɗin ya wahalar da Hafizu fiye da tuƙin damina. Neman aibin abokin gaba abu ne mai sauƙi, zuciya ma taya mutum take yi. Neman alherinsa kuwa sai an danne wani abu a ƙirji. Ya bi hirarrakin rediyo ɗaya bayan ɗaya, ya samo takardun manufofin jam'iyyu, Mubaraka ta riƙa fassara masa na Turanci. Ranar farko da ya zauna a zaure, ya ce ɗan takarar Tulu ya taɓa gina asibitoci a jiharsa, kuma har yau suna aiki. Maganar ta fito masa kamar ana cire masa haƙori.

"To, naka fa?" in ji Malam. "Mi ne aibinai?"

Hafizu ya dubi Mubaraka. Ta sunkuyar da kai tana danne dariya.

"Baba, ya yi alkawarin hanya a garinsu sau biyu, bai yi ba."

"Madalla. Yau na ji ka yi magana a hankali."

Haka suka riƙa yi kullum bayan la'asar, Malam a tsakiya, su biyun gefe da gefe. Kowa aka kawo, tambayar dattijon ba ta sauyawa: "Mi ya ce kan gona? Ya faɗi yadda za shi yi, ko 'za mu magance' ce kawai?" Wani lokaci ya ƙara da, "Su wa ke kewaye da shi?" Har ƙananan jam'iyyu ba a bari ba. Akwai wata mai alamar Lauje wadda ko hotonta babu a garin. Hafizu ya kunna hirar ɗan takararta ne kawai don kada a ce ya tsallake wani. Malam ya sa aka maimaita ta.

Hafizu bai bar Tsani ba. Amma yanzu ya san dalilin da ya sa yake son sa, ya kuma san abin da zai haƙura da shi idan ya zaɓe shi.

Ranar Juma'a, ana gobe zaɓe, ya zo yin sallama. Katin zaɓensa na Shinkafi ne, garin haihuwarsa, kuma ranar zaɓe ba a barin mota ta hau hanya, don haka dole ya tafi a yammacin. Bai kai ga buɗe baki ba Malam ya riga shi.

"Gobe kai za ka riƙe mini hannu a rumfa."

"Baba, ai ina nan," in ji Mubaraka da sauri.

"Ke kin riƙe mini sanda shekara huɗu, na san hannunki. Hannun da ka neman karɓar ki nika son in ji."

Hafizu ya ce, "To, Baba."

Ta biyo shi har ƙofar gida, idanunta sun kawo ruwa. "Bai san katinka na Shinkafi ba ne. Bari in gaya masa."

"Kar ki faɗa."

"Wata nawa kana shiri saboda ƙuri'ar nan, Hafizu?"

"Tun da na fara zuwa gidan nan, yau ne ya fara neman wani abu a wurina. Ba zan fara da uzuri ba, Malamata." Ya yi ɗan murmushi. "Share hawayenki, kada Rufa'i ya ce na fara sa ki kuka tun ba a ba ni ba."

Ya tafi yana juya abin a ransa. Ya halatta mutum ya yar da haƙƙinsa saboda so? Da wannan tunanin ya kwana.

A rumfar zaɓen da ke makarantar unguwar aka ba Malam hanya ya wuce gaba saboda lalurarsa. Rufa'i yana gefe da katin wakili a wuya, ba shi da izinin raka kowa. Aka tantance Malam, aka miƙo takarda. Suka shiga ɗan kewayen da ake dangwala ƙuri'a su biyu kawai.

Hafizu ya shimfiɗa takardar, ya kama babban yatsan dattijon ya taɓa a tawada. "Wanne, Baba?"

Malam ya matso da bakinsa kusa da kunnensa. "Lauje."

Hafizu ya yi sororo. "Baba, wannan ai ba zai ci ba."

"Na tambaye ka wa za shi ci? Shi kaɗai na ji ya faɗi ta ina za a fara kafin manomi shi koma gona. Kai ni."

Hafizu ya dubi takardar. Ga Lauje, ga Tsani can ƙasa da shi, tsakaninsu bai kai taƙi ɗaya ba. Yatsan yana hannunsa, sakakke, ba ya gardama. Zuciya ta fara kawo masa hujja, kuma hujjar ba ta banza ba ce: kai ka rasa taka saboda shi, tasa kuma a ruwa za ta faɗa. In ka sauko da hannun kaɗan, ka mayar da abin da ka rasa, ba ka rage wa kowa komai ba. Shi ba ya gani. Ita ba za ta taɓa sani ba.

Ya tsaya har Malam ya ce, "Lahiya?"

"Lafiya lau, Baba."

Ya ɗora yatsan a gaban Lauje, ya danna shi sosai. Ya jira tawadar ta sha iska, ya naɗe takardar, ya kai hannun dattijon bakin akwati ya jefa da kansa.

Malam ya ƙi komawa gida. Suka zauna a inuwar dogon yaro har aka zazzage akwati bayan la'asar. Malamin zaɓe yana ɗaga takardu, jama'a suna ƙirgawa tare da shi da ƙarfi. Aka gama na Tulu, aka gama na Tsani. Can sai ya ɗaga wata ita kaɗai.

"Lauje, ɗaya!"

Wuri ya ɓarke da dariya. Wani ya ce, "Wane bawan Allah ne ya ɓata yatsa haka?"

Malam Tambari ya lalubo hannun Hafizu ya matse. Mubaraka, da take tsaye bayansu, ta ga matsewar, ta ga fuskar mahaifinta, ta juya baya tana goge ido da gefen hijabi.

Rufa'i ya ƙaraso yana fara'a, don jam'iyyarsa ce ta ci rumfar. Ya kama hannun Hafizu ya ɗaga sama.

"Jama'a, ku ga mai wa'azin zaɓe! Kawu, ko ɗigon tawada babu a farcensa. Duk surutun nan ashe ko ƙuri'a bai jefa ba!"

Malam ya juyo. "Hafizu, ina katinka?"

"Na Shinkafi ne, Baba."

Dattijon ya ce, "Kuma ba ka faɗa mini ba."

"Da na faɗa, da ka ce in tafi."

"Da na ce ka tafi, ƙwarai kuwa. Ƙuri'a ba abin yarwa ba ce, ko don ni, ko don wagga yarinya. Ka riƙe mini amana, ni kuma na ci maka haƙƙi ban sani ba. Ka yafe mini."

"Haba Baba, ba ka yi min komai ba."

"Na yi." Ya miƙe yana laluben sandarsa. "Rufa'i, na gode da ka buɗe mini ido. Kai kuma, ka gaya wa kawunka shi dawo."

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam. Wanda ya ci zaɓe ya riga ya ci, masu murna sun yi, masu jin haushi sun haƙura, kuma har ranar babu wanda ya san mai ƙuri'ar Lauje a unguwar. Sharaɗi ɗaya Malam ya kafa wa ango a gaban shaidu: da zarar an buɗe rajista, ya dawo da katinsa Ƙaura. Rufa'i ma ya zo, ya ci shinkafa, ya ce shi ne dai silar auren, a riƙa tunawa.

Da za a fita da amarya, Malam ya haɗa hannayensu biyu cikin nasa.

"Wanga hannu ya kai ni inda nika so lokacin da ba mai ganinai sai Allah. Ga ɗiyata nan. Allah shi yi maku albarka, shi ba ku zuri'a masu tambaya kafin su yarda."

Mata suka rangaɗa guɗa. Hafizu ya ƙi yarda kowa ya tuƙa motar amarya sai shi. Ta zauna a baya tsakanin gwaggonninta, a kujerar nan dai ta ranar Alhamis. Ya gyara madubi har ya kamo gefen fuskarta cikin lulluɓi.

"Malamata, yanzu da kika zama tawa, faɗa min. Wa kika zaɓa?"

Ta ɗan ɗaga mayafin, idanunta suna dariya.

"Mai dogon baki, dubi hanya."

Allah ya bar su tare, ya sa albarka a gidan, ya kuma mayar da Malam Tambari gonarsa lafiya.