Baba Ba Ya Cikin Ƙidaya

"Bintu, fito da akwatin nan a mayar musu!"

Baffa Modu ne, ƙanin mahaifina, tsaye a tsakar gidanmu yana nuna ƙofar ɗakina da carbi. Akwatin sa ranata yake nufi, wanda iyayen Abdulwahid suka kawo kafin a rufe gari.

Na ce, "Baffa, me ya yi?"

"Au, tambayata ma kike yi? Yaron da zai shigo gidan makoki ya gurfana gaban surukarsa tana takaba, yana jero mata tambayoyi kamar alƙali! Ya yi tari? Numfashi ya sarƙe masa? Ya daina jin ƙanshi? Ina kunya, ina kara?"

Haka ɗin kuwa aka yi.

Babana Malam Yunusa, mai sayar da bandar kifi, ya rasu a farkon azumin shekarar korona. Lokacin nan dattawan Haɗeja tafiya suke yi babu ƙaƙƙautawa. Ka wayi gari da salati a wannan lungu, kafin azahar ka ji na wancan. Abdulwahid ma'aikacin ƙididdigar lafiya ne, sai aka sa shi cikin masu bin gidaje suna tambayar yadda mamaci ya yi jinya. Da aka zo kan gidanmu bai tura kowa ba, ya zo da kansa, da takunkumi a fuska. Inna ba ta ba shi amsa ko ɗaya ba, mayafi kawai ta ja ta rufe fuskarta.

Kafin magariba unguwa ta ɗauka, wai gidan Malam Yunusa gidan korona ne. Masu zuwa gaisuwa suka ɗauke ƙafa. Kunun buɗa-baki da muka aika maƙwabta aka dawo mana da shi, ko murfin kwanon ba a ɗaga ba.

Munzali ɗan Baffa yana gefe, ya wani harɗe hannu. Shi ne wanda na ce ba na so tun bara, kuma har yau abin bai sauka daga wuyansa ba. Ya ɗago waya.

"Baba, ga alƙaluman ƙasa nan da ake fitarwa kullum. Duk jihar nan waɗanda aka ce cutar ta kashe ba su taka kara sun karya ba. To don me zai jefa Baba Yunusa a ciki? Neman suna ne kawai a wurin aiki."

Na ce, "Kai kuma yaushe ka zama likita?"

"Ke, rufe mana baki!" in ji Baffa. "Gobe da hantsi akwatin nan ya bar gidan nan."

Suna fita na shige ɗaki na kira Abdulwahid. Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Bintuna..."

"Kada ka sake ka ce min Bintuna! Ka kyauta. Ka ji daɗi yanzu?"

"Ki saurare ni, masoyiyata. Da ban zo ba, da mota za a turo da mutane cikin fararen kaya. Na ga gara fuskar da aka sani."

"Fuskar da aka sani? Fuskar suruki fa! Wane suruki ka taɓa gani yana yi wa uwar matarsa tambaya ido da ido?"

Ya ce, "Nan kam na yi wauta. Aiki ya rufe min ido."

Wallahi na so ya yi musu, don in samu na faɗa. Da ya amsa laifinsa sai hawaye ya zubo min.

Na ce, "Munzali ya ce alƙaluman ƙasa sun nuna ba mu da cutar."

"Alƙaluman ba su yi ƙarya ba, shi ne bai san me suke ƙirgawa ba. Wanda aka yi wa gwaji, aka ga cutar, sannan ya rasu, shi kaɗai ke shiga. Baba an yi masa gwaji?"

"Ina fa. Da safe ya cika, kafin la'asar an kai shi."

"To kin gani. Kifin da ya shiga koma shi ake ƙirgawa, na cikin kogi ba wanda ya san yawansa."

"Kenan korona ce ta kashe shi."

"Ban ce ba. Ga zafin bazara, ga azumi, ga masu ciwon suga da hawan jini da kulle ya raba da magani, ga masu tsoron asibiti kada a killace su. Duk suna cikin masu tafiya. Shi ya sa muke tambaya, don a san me za a tara."

"Ubana ba adadi ba ne, Abdulwahid."

"Na sani. Ni ma uba na rasa."

Na kashe wayar don kada ya ji kukana. Ina sonsa, ba zan ɓoye ba, son da ko Baffa zai haɗa da akwatin ya ƙona ba zai fita ba. Amma Baffa ne waliyyina yanzu, kuma idan ya ce a'a magana ta ƙare.

Washegari da hantsi Baffa ya dawo da Munzali, har da mai kurar ɗaukar kaya a ƙofar gida. Na jawo akwatin zuwa bakin ƙofa ina jin kamar hanjina nake ja.

Sai muryar Inna daga bayan labulen ɗakinta.

"Modu."

Tun rasuwar Baba ban ji ta kira sunan kowa ba.

"Na'am, Gana."

"A kira min yaron nan kafin a ɗauki komai."

"Haba Gana, me kuma zai..."

"Ni ya yi wa tambaya, ba kai ba. Ban ba shi amsa ba."

Ni na kira shi. Ba a jima ba ya yi sallama. Ya cire takalmi tun daga zaure, ya tsuguna nesa da labulen, kansa a ƙasa. Ya rame, wuyan rigarsa har ya yi masa yawa.

"Inna, ina neman afuwa..."

"Bar wannan. Ka ce ya yi tari? Ya yi. Zazzaɓi ya yi. Ranar da na dafa masa miyar kuka da kifi ya ce ba ya jin ƙanshin komai, har ya ce na rage daddawa. Maganin sugansa kuma ya ƙare, na ce a je asibiti ya ce ba zai je a kulle shi ya mutu cikin baƙi ba."

Baffa ya ce, "Gana, ya isa haka! Kwana ne ya ƙare."

"Na san kwana ne. Duk wanda ya leƙo dubiya na ce masa da sauƙi. Ranar da zai cika ma na ce da sauƙi. Tun da aka binne shi kowa haƙuri yake ba ni, ba wanda ya ce Gana, yaya aka yi? Sai wannan yaron."

Ina jin yadda take jan numfashi.

"Yanzu ni ma ina da tambaya. Kafin a rufe gari na je suna Kaugama, na dawo da mura. Na warke, shi kuma ya kwanta. Yaro, kai ne ka yi karatun abin. Ni na kawo masa?"

Innalillahi... Ashe abin da ke hana ta cin abinci kenan, ni ina gida ɗaya da ita ban sani ba!

Munzali ya yi caraf. "Haba Inna, wace irin magana! Ai babu ma cutar a garin nan, ga alƙaluma..."

"Munzali, ni na yi jinyarsa, ba wayarka ba."

Na zuba wa Abdulwahid ido, ina roƙonsa a zuci. Ka ce a'a mana! Kalma ɗaya ce, Inna ta huta, Baffa ya huce, mu ma mu tsira.

Ya ce, "Inna, ban sani ba."

Na dafe ƙirji. Shi kenan, ya kashe mu.

"Ban sani ba, kuma duk duniya babu wanda zai iya sani. Ko cutar ce ma ba a tabbatar ba. In ita ce, Baba kullum yana kasuwa, yana masallaci, yana gaisawa da masunta daga Kirikasamma. Hanya ta fi ɗari. Ƙididdiga tana iya cewa gari ya yi rashi fiye da na bara, amma ba ta iya nuna mutum ta ce shi ya jawo. Duk wanda ya ce ke ce ya zalunce ki. Ni kuma in na rantse miki ba ke ba ce, na faɗi abin da ban gani ba. Abin da na tabbatar shi ne kin riƙe shi har ƙarshe, lokacin da mutane ke gudun nasu."

Sai Inna ta fashe da kuka, irin kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza. Na faɗa ɗakin na rungume ta. Baffa da kansa na jiyo yana jan hanci.

Da ta natsu ta goge fuska ta ce, "Modu, da ya ce min a'a, da na san don Bintu ya faɗa. Yana ganin akwatin a ƙofa bai saye shi da ƙarya ba. Irin wannan nake so ya riƙe min 'ya."

Baffa ya dubi akwatin. Can ya ce, "Munzali, je ka sallami mai kura."

Munzali ya fita fuu, ko sallama babu.

Inna ta ɗaga murya kaɗan. "To yaro, me za ka rubuta a kan Malam?"

"Zan rubuta yadda kika faɗa, Inna, in ce ba a tabbatar ba."

"Rubuta. Amma daga yau kada ka ƙara yi min tambaya, ni surukarka ce."

Bayan Inna ta fita takaba aka ɗaura aurenmu, babu kiɗa babu taro, shaidu kaɗan a zauren Baffa. Da aka zo tafiya da ni, Inna ta riƙe hannuna ta kai ni har bakin zaure, inda Baba ya kamata ya tsaya, ta yi min nasihar da shi zai yi.