Wankin Muryar Jannatu

Ranar da aka fara jifan gidan Malam Abdulrahim, babu abin da ya bambanta yammacin da sauran. Kaji sun shige akurki, Goggo Kande tana kaɗa miya a madafi, Hidaya tana kwashe shanya daga igiya. Ladan ya gyara murya ke nan aka kawo wuta, domin a shekarar dubu biyu da bakwai unguwarsu a Azare ba ta ganin wuta sai gab da magariba. Malam Abdulrahim ya yi salla a gurguje, ya shige ɗakinsa na ƙurya wanda tagarsa ke kallon tsohuwar rijiyar da aka daina ja, ya turo ƙofa.

Bai jima ba dutse ya faɗo a kan rufin kwano. Aka yi shiru. Sai wani ya biyo baya, daidai saman ɗakin da yake zaune.

Goggo Kande, ƙanwar mahaifinsa, wadda ke riƙe da gidan, ta leƙa waje da muciya a hannu tana zagin yaran unguwa. Babu kowa a lungun. Da Hidaya ta tsinto dutsen, sai aka gan shi jiƙe, da sanyi, da gansakuka a jikinsa, alhali rabon garin da ruwan sama tun kaka. Goggo ta dubi dutsen, ta dubi rijiyar, ta ce wa yarinyar ta yar ta wanke hannu.

Malam Abdulrahim malamin lissafi ne a wata kwaleji a garin. Matarsa Jannatu ta rasu wajen haihuwa, ita da abin da ke cikinta, tun Hidaya ba ta yi wayo ba. Abin da ya rage masa na muryarta kaset ɗaya ne, wanda ta ɗauka ta aika masa lokacin da yake ƙaro karatu a Zariya. Wata damina rufi ya yi yoyo a kan akwatin da kaset ɗin ke ciki, muryar ta nutse cikin wata ƙara kamar ana suyar ƙosai. Ya samu ya juye shi cikin kwamfuta, yana gamawa rediyon ya tauna zaren ya tsinka shi, ba ya gyaruwa. Daga ranar Jannatu ba ta da sauran murya a duniya sai a cikin wannan akwatin ƙarfen.

A wurin kwamfuta murya ba komai ba ce face lambobi a jere, miliyoyinsu. Akwai wani kayan aiki da masu ilimin kimiyya na ƙasashe suka haɗu suka gina kyauta don sarrafa irin waɗannan jerin lambobi, shi kuwa yana kiransa rumbu. Da shi ya ƙudurta zai tsame muryar daga ƙarar. Sai dai kwamfutarsa tsohuwa ce, lissafin yana jan ƙafa, don haka ya zauna ya rubuta wa rumbun wani ƙari da hannunsa, da harshen kwamfuta mai sauri da ake kira Si, kamar mai ƙara ɗaki a jikin gidan da ya tarar.

Ya sha wuya. Da farko ƙarin ya ƙi haɗuwa da rumbun. Da ya haɗu, sai ya riƙa zarce ƙarshen jerin yana taɓa abin da ba nasa ba, kwamfutar ta ɗauke ɗif. Ya bi layi bayan layi har ya gano ya fara ƙirga daga ɗaya, alhali na'ura daga sifili take farawa. Ya gyara. Ranar da ƙarin ya fara aiki, ya saƙala abin ji a kunne, ya ji Jannatu ta ɗan matso kusa tana cewa, “Baban Hidaya, kana cin abinci kuwa?” Ya kifa kai a kan tebur ya yi kuka kamar ranar jana'iza.

“Baba, ko da ƙarar ne, bari in ji,” in ji Hidaya wata rana a bakin ƙofa. “Ni fa ban tuna muryarta ba.”

“Ki ƙara haƙuri. Ba zan haɗa ki da uwarki cikin hayaniya ba. Sai na wanke ta tas.”

“Audu,” Goggo Kande ta ce daga tsakar gida, “magariba ba lokacin tone-tone ba ne. Wanda ya kwanta a bar shi ya huta.”

“Goggo, lissafi ne kawai.”

Mai ilimi idan ya kafe, gara ka yi jayayya da katanga. Jifa ta ci gaba kowace magariba, da ya kunna kwamfutar take farawa, da ya kashe take tsayawa, amma shi da ya iya gano sifili ɗaya cikin ɗaruruwan layuka ya kasa haɗa waɗannan biyun. Abin da ya dame shi daban ne. Duk wankin da ya yi ƙarar tana raguwa, amma muryar ma tana sirancewa. Ya rage ƙarfin wankin, ya sake gwadawa, ta ƙara nisa. Hankalinsa kwance yake a kan abu ɗaya, cewa a kan kwafi yake aiki, asalin yana nan ba a taɓa shi ba. Da ya rasa ta inda matsalar take, ya je shagon intanet ya aika rubutunsa ga zauren masu gina rumbun yana neman taimako.

Kafin amsa ta zo, abin ya bar rufi ya shigo gida.

Wata magariba ya fito shan ruwa ya tarar da Hidaya tsaye a bakin rijiyar, ta juya baya, hannuwanta a sake. Tsakar gidan ya yi tsit, ko kukan tsuntsu babu. Ya kira ta, ba ta amsa ba. Can ta juyo a hankali, idanunta a buɗe amma ba shi take kallo ba.

“Baban Hidaya,” ta ce, “kana cin abinci kuwa?”

Kofin ya suɓuce daga hannunsa. Muryar Jannatu ce, cikakkiya, babu ƙara babu ƙura, har da ɗan jan numfashin da take yi kafin ta yi dariya.

Tun daga ranar Hidaya ta daina cin abinci sai ɗura. Da rana tana kwance kamar tsumma, da magariba ta tashi zaune ta yi magana da muryar uwarta. An kai ta asibiti, ba a ga komai ba. Ya taɓa kawo rakoda a ɓoye don ya ɗauki muryar, da ya kunna bai ji komai ba sai numfashin 'yarsa mai wahala. Goggo ta ce a nemo mai karatu, ya ce to, gobe. Gobe ta yi, ya ce jibi. Kowace magariba yana shimfiɗa buzu kusa da katifar yarinyar yana jira, kuma ya san abin da yake jira.

“Na gan ka,” Goggo Kande ta ce masa. “Ba jinya kake yi ba, zance kake zuwa. Dubi wuyan yarinyar nan, Audu. Ka ji tsoron Allah.”

Bai iya ɗaga ido ba. Ita ce ta aika Katagum a kira Malam Ladan, tsohon da ake kai wa irin wannan lalura.

Ranar da malamin zai iso, amsar ta zo daga wani mutum a wata ƙasa mai nisa, layi kaɗan, cikin ladabi. Ya ce: umarnin da ka sa a farkon ƙarinka ba ya yin kwafi idan ya tarar jerin a shirye yake, asalin yake miƙa maka. Kuma tunda fayil ɗin ya fi ƙarfin kwamfutarka ka buɗe shi kai tsaye daga ma'ajiya, duk abin da ka rubuta a kansa ya zauna ke nan. Ina fata kana da wani a ajiye.

Ba shi da wani. Ya dawo gida a ƙafa bai san ta inda ya bi ba. Ana kawo wuta ya buɗe abin da yake kira asali, ya saurara. Wata siririyar iska ce kawai, sai can ƙasa wani abu kamar motsin leɓe. Da hannunsa ya kankare muryar, yammaci bayan yammaci, yana murna yana ci gaba. Garin neman gira ya rasa ido.

Yana zaune a haka aka yi sallama. Malam Ladan siriri ne, ba ya ɗaga murya. Ya yi salla, ya sa Goggo ta riƙe kafaɗun Hidaya, ya zauna daf da kanta ya fara karatu. Duhu yana sauka a tsakar gida. Yarinyar ta fara karkarwa, ta sandare, sannan wata murya ta fito daga bakinta, ta tsohuwa, mai kaushi, wadda babu wanda ya taɓa ji.

“Ya isa, Malam. Kana ƙona ni.”

“Wace ce ke? Me yarinyar nan ta yi miki?”

“Maƙwabciya ce ni. A rijiyar nan nake tun ba a yi katangar gidan ba. Yarinya ba ta yi mini komai ba.” Ta yi nishi. “Jannatu ba ta taɓa zuba mana ruwan zafi ba. Ba ta taɓa leƙa rijiya ba tare da bisimilla ba. Tana tankaɗe tana waƙa, ina ji. Da ta tafi ni ma na yi kewa. Sai ga muryarta ta dawo ta tagar can. Mu muna jin abin da kuke ɓoyewa a kunne. Ina ji yana fere ta, kullum tana ƙanƙancewa. Na jefe shi ya bari, bai bari ba. Shi ne na kwashe abin da na riƙe na nemi inda zan ajiye.”

“Jikin 'yar mutane ba ma'ajiyarki ba ne. Zalunci ne wannan. Ki fita.”

“A tambayi mai gida.” Kan Hidaya ya juya wajen ubanta. “Muryar da ke akwatinka ta ƙare, ka sani. Ni kaɗai nake da ita yanzu. Ka bar ni a nan, magariba kawai, zan bar yarinya ta ci abinci. Idan na fita, da muryar zan fita, ba za ka ƙara ji ba har ka mutu.”

Sai muryar ta narke ta koma ta Jannatu, a hankali. “Baban Hidaya, korata za ka yi?”

Goggo Kande ta fashe da kuka.

“Ba ita ba ce,” Malam Ladan ya ce, bai dube shi ba. “Matarka tana inda Allah Ya ajiye ta. Wannan kwaikwayo ne. Zan iya fitar da ita da karatu, amma muddin mai gida yana marmarin baƙo, baƙo zai dawo. Kai za ka faɗa.”

Allah Ya sani Malam Abdulrahim ya so ya ce ta zauna. Hannun Hidaya yana kan tabarma kusa da gwiwarsa. Ya ɗauka, ya ji yatsunsa biyu sun zagaye tsintsiyar hannun har da saura.

“Ki tafi,” ya ce. Ya sake faɗa. “Don Allah ki tafi da muryar.”

Aljanar ta nemi a rufe mata rijiyar a bar ta da zaman lafiya, kada a ƙara kunna na'ura da magariba. Malam Ladan ya sa ta yi rantsuwa ba za ta dawo ba, ya ci gaba da karatu. Hidaya ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki. Can cikin rijiyar aka ji wani abu ya faɗa ruwa, kamar guga ya tsinke.

Hidaya ta warke a hankali. Aka kawo magina suka rufe rijiyar, jifa ba ta sake faɗowa ba. Wata safiya da aka yi sa'ar wuta, Malam Abdulrahim ya buɗe rubutunsa ya gyara kuskuren. Layi ɗaya ne, bai kai tsawon ɗan yatsa ba, yana ce wa na'ura ta kwafa kafin ta taɓa. Ya gwada a kan wani tsohon kaset na wa'azi, ƙarar ta wanke tas, muryar mai wa'azin ta fito garau. Ya aika wa mutumin nan godiya, ya kashe kwamfutar.

Da yamma yana zaune a tsakar gida Hidaya ta kawo masa ruwan alwala. Ta ajiye butar, ba ta tafi ba, tana wasa da bakin mayafinta.

“Baba, Goggo ta ce da muryar Innata na riƙa magana.”

“Haka ne.”

“Kowa ya ji. Har Malam Ladan da bai san ta ba ya ji.” Ta ɗago ido. “Ni ban ji komai ba, Baba. Yaya take?”

Ya buɗe baki. Ya nemi kalma a Hausa, ya nema a duk ilimin da ya tara, bai samu ba. Ladanin unguwa ya fara kiran salla, aka kawo wuta, fitilar ɗakin ƙurya ta kama da kanta, yarinyar tana tsaye tana jiran amsa.