Koren Ruwan Barira

Da hantsin Alhamis aka kira Sufeto Lado, aka ce wani direban tirela mai suna Mudathir ya yanke jiki ya faɗi a layin motocin da ke jiran tsallakawa Nijar ta Magama. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. A kujerarsa an tarar da gora, saura rabin koren ruwa a ciki.

Kowa a bakin boda ya san ruwan. Na Barira ne, wata dattijuwa mai dama garin ganyen wata ciyawa da ake kira alfalfa da citta da zuma tana sayar wa direbobi. Su kuwa sun mai da shi maganin komai, daga ƙarin jini har ciwon baya. Mutanenmu ke nan. Da an ce ganye ne, tambaya ta ƙare.

Likita ya shaida wa Sufeto cewa ganyen yana gina jiki, sai dai ba a so mai ciki ko mai shan maganin tsinka jini ya taɓa shi. Amma kumfar da ya gani a bakin mamacin ba aikin ganye ba ce, maganin ƙwari ne.

Lado ya miƙe tsaye. Inda gubar nan ta fito akwai saura, kuma bai san bakin wa za ta shiga gobe ba.

Ya sa aka kwashe gorunan Barira duka. Ta rantse ganye zalla take amfani da shi. Lado ya ɗaga ƙyallen da take tata, ya ga jan tabo a tsakiyarsa.

"Inna, wannan fa?"

"Zoɓo ne, yallaɓai."

"Nuna mini zoɓon."

Babu ko ƙwaya a gidan. Sai ta fashe da kuka. Ta ce ganye ya yanke mata, Ɗantala mai sayar da irin shuka ya ce mata ƙwayar ta fi ganyen ƙarfi, ta sayi mudu ta jiƙa ta niƙa, ta haɗa da ɗan ragowar ganyen. Yau ta fara, kuma Mudathir ne ya fara saye.

Ɗantala ya tarbi Sufeto da fara'a har da miƙo kujera. Ya ce shi gero da wake ya sani, bai taɓa ajiye luzan ba, kamar yadda 'yan Nijar ke kiran alfalfa. Tsohuwa ce kawai ta ruɗe take neman wanda za ta ja.

Lado bai musa ba. Ya zagaya bayan shago, ya tarar da maƙwabci yana ta faɗa a kan agwaginsa uku da suka mutu jiya bayan sun sha a kwata. Ƙasar kwatar ja ce.

Da aka bincika shagon, sai ga buhu a ƙarƙashin tabarmar da Ɗantala ke salla a kai. Irin shuka ne da aka cuɗa da jan magani, rubutun jikinsa na Faransanci.

"Ranka ya daɗe, ni ban jin Faransanci."

"Hoton ƙoƙon kan mutum da ke nan fa, shi ma da Faransanci aka zana shi?"

Ɗantala ya zauna. Ya ce buhun ya shekara manoma ba su saya ba, ya ga zai lalace. Ya san da maganin, shi ya sa ya wanke.

"Sau uku na wanke shi, yallaɓai. Ko najasa ce, ai ruwa ya tsarkake ta."

"Kai ka sha?"

Ɗantala ya kau da kai.

"'Ya'yanka ka ba su?"

Ya sunkuyar da kai. Ya san ruwa bai isa ba tun ran nan, son zuciya ne ya ba shi fatawa.

Lado ya tambaye shi wa kuma ya sayar wa. Ya ambaci mata biyu, ɗaya a ƙauyen Kusa, ɗaya a Riko. Nan take aka tura kurata a babura.

Sufeto ya kasa zama. Sai bayan azahar waya ta shigo. Ta Kusa ba ta ko kwance ledarta ba. Ta Riko kuwa an same ta a bakin turmi, ta riga ta jiƙa, za ta dama wa 'yarta mai jegon kwana biyar.

Lado ya yi hamdala a ransa, ya ce a sa wa Ɗantala ankwa. Da za a shigar da shi mota, ya roƙi a bari ya kulle shagonsa, kada a yi masa ɓarna.

"Har yanzu kayanka kake ji," in ji Lado. "Mudathir ko sunansa ba ka tambaya ba. Ku tafi da shi."