Ƙafar Hagu ta Orval Teague

Ranar Juma'a, sha bakwai ga watan Oktoba na shekarar 1986, da ƙarfe shida da rabi na yamma, Coy Hatcher ya tsayar da tsohuwar a-kori-kurarsa a ƙofar zauren rawa na Buford Sills, can bakin hanyar da ta ratsa gonakin auduga a tsakiyar Texas. A bayan motar akwai baƙin akwati mai nauyi, a cikinsa kuma jitar marigayi Orval Teague.

Jitar ƙarfe ce, irin wadda ke kwance kan ƙafafu huɗu kamar ɗan tebur. Makaɗi yakan zauna a gabanta, yana zamar da guntun ƙarfe kan tsirkiyoyin, ƙafarsa ta hagu tana taka fedoji uku a ƙasa, su ja tsirkiya ko su sassauta ta har sautin ya fito tamkar kukan mutum. Orval ya tsufa yana sa ta kuka a wannan zaure kowace Asabar, kuma shi ya koya wa Coy kiɗa. Tun da aka binne shi a watan Mayu kujerarsa take ba kowa. Washegari ne za a yi taron tunawa da shi, kuma Buford, mai zauren, wanda shi ne mai goge kuma shugaban makaɗan, ya faɗa wa Coy magana ba ɓoye-ɓoye: idan ya kaɗa jitar Orval yadda ya dace, kujerar tasa ce, idan ya kasa, akwai wani makaɗi a Austin yana jira.

Matsalar a ƙarƙashin jitar take. Shan-inna ya murɗe wa Orval ƙafar hagu tun yana yaro, ta karkata ciki, don haka ya sauya wa fedojinsa wuri: aikin ta farko ya koma ta uku, na ta uku ya dawo ta farko. Duk mai lafiyayyar ƙafa da ya zauna a gabanta sai ya rikice. Coy ya yini yana gwadawa a gidan Nadine, matar marigayin, abin da ke fitowa kuwa kamar an taka wa mage wutsiya.

Da za ta sallame shi ta naɗe masa burodin masara a tsumma, ta riƙe hannun akwatin ba ta saki ba.

"Ka ɗauke ta, ɗana, amma kada ka taɓa mata ciki. Yadda ya bar ta, haka za ta zauna."

"To, Mama Nadine," in ji shi. Amma akwai sifana a aljihunsa tun lokacin.

Buford na tsaye a bakin ƙofa da bokiti a hannu. Ya gama barbaɗa garin masara a kan katakon filin rawa don takalma su yi santsi gobe, filin ya yi fari fat.

"Ka kawo tsohuwar? Ɗauke ta a hankali, yaro, ta girme ka."

"Baba Buford, bayanka ya hana ka kama mini, amma bakin nan naka lafiyarsa lau."

"Da bakin nake cin abinci. Bi ta gefen bango, kada ka tattaka mini gari." Ya tsura wa aljihun Coy ido. "Me sifana take yi a nan?"

"Ɗan matsewa zan yi, ƙafafun sun saki."

Buford ya ajiye bokitin. "Ni da Orval mun fara kiɗa tun ba a haife ka ba, amma ko ƙura bai taɓa bari na goge mata ba. Zan je gari in ɗauko nama da ƙanƙara. Ka gama kafin duhu, fitilun dandamali sun ƙone, sai gobe za a gyara."

Ƙarar motarsa ta yi nisa, ta ɓace.

Coy ya bi gefen bango ya hau dandamali, ya kafa jitar a kusurwar da ta saba zama, inda ƙafafunta suka riga suka ci katako. Zauren na warin tsohuwar giya da hayaƙin itace. Rufin kwano yana ƙas-ƙas saboda zafin rana na barinsa. Ta tagogin da aka tokare da sanduna jan haske na shigowa yana kwanciya kan garin masarar.

Ya kasa zama. Ya zagaya jitar, ya dawo, ya sake zagayawa. Ya ce wa kansa minti kaɗan ne, kuma ranar Lahadi zai mayar da komai, ba wanda zai sani. Ya ce wa kansa Orval ma da yana nan ba zai so a kunyata sunansa a gaban jama'a ba. Sai ya kwanta rigingine, ya cusa kai ƙarƙashin jitar, ya kwance siraran sandunan da ke haɗa fedoji da tsirkiya, ya sauya musu wuri.

Ya tashi ya zauna, ya jona lasifika, ya taka. Kai, sautin ya fito tas. Ƙafarsa ta gane hanya. Ya kaɗa taken da Orval ke rufe dare da shi, ya yi dariya shi kaɗai, ya miƙa hannu ya zare wayar lasifika daga bango.

Sautin bai tsaya ba.

Siriri ne, can ƙasa, tsirkiya ɗaya tana nishi. Ya ɗora tafinsa a kanta. Ta yi shiru. Ya ɗaga. Ta ci gaba.

A lokacin ne ya lura gyare sun daina kuka a waje.

Sai wani ƙamshi ya iso shi. Man keken ɗinki da alewar na'ana'a. Orval yakan ɗiga man a gaɓoɓin jitar, yakan kuma tsotsi alewar tun da likita ya raba shi da taba. Coy ya sunkuya ya sansana akwatin. Ba daga nan ba ne. Daga wajen ƙofa yake zuwa.

"Baba Buford?" Muryarsa ta fita ƙasa-ƙasa. "Ka yi mantuwa ne?"



Ƙwas. Shuuu.

Taku ɗaya, sannan jan ƙafa.

Coy ya san wannan tafiyar. Ya shekara yana jin ta a bayansa, yana riƙe da akwati.

Ƙwas. Shuuu.

Ba kowa a filin. Amma a ɗan hasken da ya rage ya ga garin masara yana darewa. Sawun takalmi ya fito a dama, dogon layi ya ja a hagu. Ta tsakiyar fili abin ya biyo, kai tsaye, ba gaggawa.

Ko Orval ne, ko wani aljani ne ya ari tafiyarsa, Coy bai tsaya tantancewa ba. Ya yunƙura zai tashi. Ƙafarsa ta hagu ta ƙi barin feda. Ta yi sanyi kamar an tsoma ta a rijiya.

Feda ta uku ta sauka da kanta.

Tsirkiyar ta ja wani mummunan sauti, ba wanda ake nema ba. Fedar ta tashi. Ta sake sauka da ƙarfi. Sautin dai bai yi ba. Ta sake, ta sake, jitar duka na girgiza, kamar mutum ya dawo gidansa ya tarar an sauya makulli.

"Baba Orval," in ji Coy cikin raɗa, "zan mayar. Yanzu zan mayar."

Ƙafar ta saki. Ya zube ƙasa, ya lalubo sifana, ya cusa kai ƙarƙashin jitar. Duhu ya riga ya cika wurin. Da yatsu yake gani.

Matakalar dandamali ta yi ƙara.

Ya kwance sandar farko. Ta kuɓuce masa, ta faɗo masa a fuska. Ya kama ta, ya zura ta inda take da, ya matse.

Kujera ta yi nishi a saitin kansa. An zauna.

Ya juya ido kaɗan. Takalman kaboyi biyu ne a gefen kunnensa. Na hagu mai kaurin ƙasa ne, ya karkata ciki, akwai jar ƙasa ɗanya a jikinsa.

Ya rufe ido. Sanda ta biyu ta ƙi shiga. Zufa na shiga masa baki.

Sai aka kama masa idon sawu na hagu.

Hannu ne. Busasshe, mai sanyi, da ƙarafunan da makaɗi ke sawa a yatsu don kaɗa tsirkiya. Bai ja shi ba. Murɗawa ya fara, sannu-sannu, zuwa ciki, yadda ake murɗa kunnen jita ana neman sauti.



Ƙamshin na'ana'a ya sauko har kan fuskarsa.

"Kada ka yi sauri, yaro," aka ce, da muryar da ta sha faɗa masa haka a wurin koyo. "Bar ta ta gama kuka."

Wani abu ya yi ƙas a cikin ƙafarsa.

Sandar ta shiga.

Ya matse ta da yatsu, har fata ta tsage. Feda ta uku ta sauka a hankali, sautin ya tashi, tsantsa, mai daɗi, ya yi sama ya karye kamar muryar mai makoki. Hannun ya sake shi.

Coy ya mirgina, ya faɗo daga dandamali, ya miƙe, ya ratsa filin rawa bai waiwaya ba. A bayansa ana kaɗa taken rufe dare, lasifika a kashe.

Ya faɗi a bakin ƙofa daidai lokacin da fitilun motar Buford suka hasko tsakar fili. Kiɗan ya tsaya.

"Kai, wane ne ya koro ka? Na ce kada ka tattaka mini..." Buford ya kalli ƙafar Coy. Ya ɗauko tocila a mota, ya haska cikin zauren.

Jitar na nan a kusurwarta, kujera ba kowa. A kan garin masarar akwai layin sawu biyu. Ɗaya ya tashi daga ƙofa ya nufi dandamali, taku da ja. Ɗaya ya taso daga dandamali ya zo ƙofa, shi ma taku da ja, ya ƙare daidai inda Coy ke kwance.

Buford ya daɗe yana neman sawu na uku, na wanda ya shiga ya fita. Babu.

"Ka taɓa ta," in ji shi.

"Na mayar, Baba."

"Tashi mu tafi. Ba zan kulle ƙofar nan ba yau."

Washegari zauren ya cika maƙil. An ci gasasshen nama da wake, an rataye malafar Orval a jikin bango, tsofaffin abokansa suka yi ta ba da labarinsa, ana dariya ana share hawaye. Coy ya hau dandamali yana ɗingishi, ya zauna gaban jitar yadda mai ita ya bar ta. Ƙafarsa ta karkata ciki, ta sami fedojin da kanta, bai yi kuskure ko ɗaya ba. Da aka zo taken rufe dare, masu rawa suka tsaya cak, wasu suka juyo suna leƙen kusurwar.

Bayan an tashi Nadine ta zo ta tsaya a gabansa. Ba ta kalli fuskarsa ba, ƙafar ta kalla.

"Na faɗa maka, ɗana."

"Kin faɗa, Mama."

"To, riƙe ta. Ba mai iya kaɗa ta yanzu sai kai."

Buford ya ba shi kujerar a daren. Likitoci a Austin sun ɗauki hoton ƙafar, ba su ga karaya ba, ba su ga targaɗe ba. Coy ya sayar da tasa jitar, domin ƙafarsa ta daina gane fedojinta. Ya kaɗa ta Orval a wannan zaure har ya yi furfura, bai ƙara yarda ya zauna a cikinsa shi kaɗai ba, kuma ƙafarsa ta hagu ba ta sake miƙewa ba.