Guntun Dutsen da Auta Ta Mayar

Yau kwana tara ke nan ina ɗauke da wannan abu a raina. Maganar hannun 'yata ce, Auta. Karatuna bai yi nisa ba, ku yi haƙuri da rubutun. Zan ba ku labarin kamar yadda ta ba ni, ba ƙari ba ragi.

Wata huɗu ke nan da Auta ta samu aiki a wani fili da hukuma ta killace a bakin hamada. Abin da ake tsaro a wurin itatuwa ne da suka zama dutse. Ga gumagumai nan kwance a kan rairayi, wasu sun kai tsawon babbar mota, sun karye gunduwa-gunduwa kamar an bi su da zarto. Ɓawon yana nan, gurbin reshe yana nan, amma in ka ƙwanƙwasa sai ka ji ƙarar tangaran. Dakta, matar da ke shugabancin bincike a wurin, ita ta yi mata bayani. Wai tun zamanin da ba wanda ya san lissafinsa ambaliya ta kwashe bishiyoyin, laka da toka suka binne su, ruwa mai ma'adini ya dinga tsatsa ciki yana cinye itacen yana zama a gurbinsa, har ya koma dutse ja da rawaya. Iska da ɗan ruwan sama ne ke tono su a hankali.

Masu zuwa kallo kan saci guntu su jefa a aljihu. Wasu bayan shekaru sai su aiko da shi ta gidan waya, haɗe da takardar neman gafara. Dokar wurin ita ce, abin da aka dawo da shi ba a mayar da shi cikin fili. Ana zuba shi a wani tari bayan sito. Dakta ta ce tunda ba a san inda aka ɗauko shi ba, ajiye shi a wani wuri yi wa masu bincike ƙarya ne.

Ranar da abin ya faru, wani kwali ya iso da la'asar. Auta ta buɗe, ta ga guntu kamar rabin bulo, ja mai ratsin rawaya, gefe ɗaya da tsaga irin ta haƙori. Tana gani ta ce ta san shi. Aikinta ne zagaya gumaguman tana duba lambobinsu, kuma gungume na goma sha huɗu yana da giɓi mai irin wannan siffar.

Baba mai gadi, wanda ya fi kowa daɗewa a wurin, yana zaune a ƙofar sito yana kaɗa shayinsa da cokali.

"Kai shi tari, 'yata," in ji shi.

"Baba, na san gidansa fa. Tausayi yake ba ni, ya sha doguwar tafiya kuma a jefa shi bayan sito kamar shara."

"Wata huɗu kacal har kin san gidan kowa? Ni shekara ashirin da shida, har yau sallama nake yi in zan wuce su."

Ta yi dariya. "Suna amsawa?"

"Ba na tsayawa in ji." Ya kurɓi shayi. "Kowane gungume da mai shi. Ba a ɗauko ƙafar wani a liƙa wa wani."

"To, Baba, Allah ya huci zuciyar masu ƙafa."

Ta ce masa za ta kai tari. Ba ta kai ba. Dama ita ke da duba ma'aunin ruwan sama a ƙarshen fili ranar, sai ta sa dutsen a jaka ta hau babur ɗin aiki.

Rana ta yi ja lokacin da ta isa. Ta ajiye babur a bakin hanya, don ba a shiga da taya cikin fili, ƙasar tana da wani ɓawo a sama da in ya fashe sai iska ta kwashe abin da ke ƙarƙashi. Ta bi siririyar hanyar ƙafa da aka jera wa fararen duwatsu. Ba iska. Ba tsuntsu. Takalminta kaɗai ke ƙara a kan tsakuwa.

Ta durƙusa gaban na goma sha huɗu. Dutsen yana fitar da zafin ranar da ya sha. Ta gwada guntun a bakin giɓin, ta ga ya ɗan fi shi faɗi, launin ma bai zo daidai ba. Ta ce a ranta, ashe Baba ya yi gaskiya. Za ta janye ke nan sai guntun ya zame daga yatsunta ya shige ciki, suɓul, kamar wani ya karɓa daga can.

Ta sa hannun dama ta ja. Ko motsi. Ta laluba bakin tsagar da farce, ba ta ji tsaga ba.

Sai ƙamshi ya zo mata. Ƙamshin ɗanyen itace da aka sare yanzu, da na jiƙaƙƙiyar ƙasa. A wurin da ko ciyawa babu.

Sannan ƙarar ganye. Shuu, shuu, a saman kanta.

Ba ta ɗaga kai ba. Ƙasa ta kalla. Inuwoyi ne shimfiɗe a kan rairayin, dogaye, masu rassa, suna kaɗawa. Inuwar bishiyoyi a tsaye. Gumaguman kuwa suna kwance inda suke.

Dutsen da ke ƙarƙashin tafinta ya yi sanyi. Ya kumbura kaɗan, ya sauka. Ya sake kumbura.

"Ba nawa ba ne."

Raɗa ce, daidai kunnenta na dama. Numfashin yana warin laka.

Ta buɗe baki za ta yi addu'a.

Can nesa, daga wajen da rana ke faɗuwa, wata murya ta amsa, ƙasa-ƙasa.

"Nawa ne."

Sai ƙarar jan abu mai nauyi a kan tsakuwa. Ƙirrr. Shiru. Ƙirrr.

Yana matsowa.

Ta fizgi hannunta. Yatsu biyu sun manne da dutsen, kamar an riƙe su da baki.

Ƙirrr.

Ta sa ƙafa ta dafe gungumen, ta ja da duk ƙarfinta. Ta faɗi ta baya.

Wani ya kama kafaɗarta. Warin shayi da taba. Baba ne, yana haki. Ashe ya leƙa bayan sito bai ga sabon dutse ba, ya biyo ta a ƙafa.

"Tashi," in ji shi a hankali. "Kada ki waiwaya. Kada ki taka wajen fararen duwatsu."

Suka tafi, yana gaba tana riƙe da bayan rigarsa. Yana ta sallama hagu da dama. Inuwoyin rassa suna bi ta kan ƙafafunsu. Mai jan nan yana bayansu, ba ya sauri, ba ya tsayawa.

Suna taka bakin hanya komai ya ɗauke. Ƙamshin, ganyen, duka. Sai ƙarar injin babur da ke hucewa, tak, tak.

Washegari Dakta ta je da fitila da madubin dubawa. Ta ce gungume na goma sha huɗu lafiyarsa ƙalau, ba giɓi, ba alamar haɗi, kamar haka aka tono shi. Hoton da suka ɗauka bara kuwa yana nuna giɓin. Ta daɗe tana kallon hoton.

An dawo mini da Auta gida. Yatsun nan biyu sun yi sanyi, sun yi nauyi, ba sa lanƙwasuwa. Mun je asibiti sau biyu, an ɗauki hoto, likita ya ce bai ga karaya ba, ya ba mu maganin shafawa. An yi addu'o'i, ana kan yi. Amma fatar ta yi ja da ratsin rawaya, da siraran layuka irin na katako. Shekaranjiya yatsanta ya bugi kofi, ƙarar da na ji ba ta nama ba ce. Kullum da safe ina ja mata layi da biro inda sanyin ya tsaya. Ran farko a gaɓar yatsa yake. Yau ya wuce wuyan hannu.

Baba mai gadi ya zo jiya, ya zauna a tsakar gida ya ƙi shan ko ruwa. Ya ce mini, "Uwar Auta, hannun da ya sa shi ne zai cire. Ta koma daidai lokacin faɗuwar rana, ta nemi gafarar wanda ta liƙa wa, ta jira mai shi ya zo ya karɓi abinsa."

Na ce, "Ta jira shi? Har ya iso inda take?"

Ya sunkuyar da kai. "Zan tsaya mata a bakin hanya. Abin da zai biyo baya kuwa ban sani ba, ban taɓa ganin wanda ya yi ba."

Mahaifinta ya rantse ba za ta sake taka wurin ba. Ita kuma tun safe ta sa takalmin aiki da hannu ɗaya, ta zauna a bakin ƙofa. Ta ce, "Mama, gara in je tun ina da sauran hannun da zan miƙa masa."

Mahaifinta ya fita, ba zai dawo ba sai bayan isha'i. Makullin babur ɗin aikin, wanda a kansa aka dawo da ita, yana ƙulle a bakin zanina, kuma ga la'asar ta kawo kai. Don Allah, ku da kuka haifa, ku faɗa mini: in kwance in ba ta, ko in bar shi inda yake?